Ta'aziyya a Dutsen Batu

Ana gobe jirgi zai tashi, Barira ba ta ɗaure ko tsinke ba. Akwatuna na jingine da bango baki buɗe. Mijinta Halliru ya cika nasa da littattafai da takalma, nata kuwa yadda aka sauko da su daga kan kabad haka suke. Karatun da ya kawo su Malesiya ya ƙare, takardar zama ta ƙare, mai gidan da suke haya a unguwar Setapak ya riga ya yi wa wasu ɗalibai 'yan Sudan alkawarin ɗakin. Tafiya ba fashi. Ita dai tana zaune bakin gado, hannu a cinya.

Abin da ya zaunar da ita ba ɓoyayye ba ne. Bayan shekaru da aure ba ko ɓatan wata, Allah ya ba ta ɗa namiji a nan Kuala Lumpur, ya kuma karɓi abinsa tun ba a kai ga suna ba. Tana kwance a asibiti da ɗinki a ciki lokacin da Halliru da mutanen masallacin unguwa suka kai shi. Ta dawo gida hannu rabbana. Tun daga ranar, yau fiye da shekara, abu ɗaya take roƙo, a kai ta ta ga inda aka kwantar da shi. Kullum Halliru sai ya ce wannan hukunci ya fi ƙarfinsa, a bari Baba ya zo.

Baba shi ne Malam Maitama, mahaifinta, manomin rake daga ƙasar Makarfi. Surukinsa ya aika masa da tikiti ya zo bikin karɓar digirinsa na dakta, su kuma koma gida tare. Mutum ne wanda ba ya maimaita magana. Ranar da ya sauka, bayan ya ci abinci ya wanke hannu, ta durƙusa ta gaya masa buƙatarta.

"Mace ba ta shiga maƙabarta," in ji shi.

"A nan suna shiga, Baba. Maƙwabciyata duk Juma'a take zuwa wurin mijinta."

"Maƙwabciyarki ba ni na haife ta ba. Uwarki ta binne uku, ba ta san hanyar maƙabarta ba sai ranar da aka ɗauke ta aka kai ta. Ki yi masa addu'a daga nan, tana isa."

Ta tashi ta koma ɗaki. Ba ta kuma taɓa akwati ba.

Shi kansa Malam Maitama ya nemi Halliru ya kai shi ya yi wa jikansa addu'a. Halliru ya ce gobe. Gobe ta yi, ya ce akwai sa hannu a jami'a. Haka aka yi ta yi har kwanaki suka ƙare, tsohon kuma bai matsa ba, don akwai kunya tsakaninsu.

Da safiyar Lahadin nan Halliru ya zo ya durƙusa gefen dardumar da Malam Maitama yake zaune.

"Baba, bai kamata ka zo ƙasar nan ka koma ba ka ga komai ba sai falo da masallaci. Akwai wani dutse nan kusa, Batu ake ce masa, da kogo a samansa. Duk baƙon da ya zo sai ya je. Har Larabawa."

"Dutse muna da shi a gida."

"Ba irin wannan ba." Ya rage murya. "Kuma ko ita ta samu ta sha iska. Wataƙila in ta dawo ta taɓa kayan nan."

Wannan ce ta sa tsohon ya ɗauki hularsa. Ya leƙa ɗaki ya ce wa Barira ta sa hijabi, ta tashi ta sa.

Halliru ya kira motar haya ta waya. Ba su yi wata doguwar tafiya ba sai ga dutsen ya tokare gari, fari-fari, itatuwa sun fito masa ta ko'ina kamar gashin da ba a taje ba. A gindinsa kuwa wani gunki ne tsaye, an shafe shi da ruwan zinariya tun daga ka har ƙafa, riƙe da mashi, tsawonsa ya wuce hasumiyar masallacin Juma'a. Malam Maitama ya fito daga mota ya ɗaga kai har sai da ya dafe hula. Ya yi a'uziyya a hankali.

"Malam Halliru, dutse ka ce."

"Ga dutsen nan a baya, Baba."

"Na gan shi. Mai gadin nasa ne ba ka ambata ba."

Halliru ya shiga bayani, wai wurin bautar Indiyawa 'yan Hindu ne tun zamanin kakanninsu, amma ba a hana kowa hawa, ba kuma dole sai mutum ya shiga ɗakunan gumakan ba. Tsohon ya dubi motar da ta kawo su, ta riga ta juya. Ya ce to, dutse na Allah ne, kogo na Allah ne, su za a duba a sauko.

A nan Barira ta yi magana, ba da kowa ba, idonta a ƙasa. "Gidan gunki dai an yarda in zo."

Su biyun sun ji. Suka yi gaba.

Filin cike yake da mutane da tattabaru. Wasu na fasa kwakwa a ƙasa, ruwanta na bin ƙafafun jama'a. Hayaƙin turaren wuta ya haɗu da ƙamshin man suya. Maza da mata sanye da tufafi ruwan ɗorawa, ba takalmi, wasu an yi musu ƙwal-kwabo an shafe kan da wani abu kamar kwaɓaɓɓen kurkum, wasu ɗauke da 'yan tuluna na madara a ka. Cikinsu kuma ga 'yan kallo, Turawa da Sinawa, kowa ya ɗaga waya sama. Matakalar da ta hau zuwa bakin kogon an yi mata fenti kala-kala kamar atamfa, ta miƙe tsaye ba sassauci.

Malam Maitama ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa suka fara hawa. Birai sun jeru a kan ƙarfen dafawa suna duban hannun kowa. Ya ciro goro zai ɓara, wani ya diro ya fizge, ya koma sama ya gatsa, ya tofar.

"Ko birin garin nan bai san abu mai kyau ba," in ji tsohon.

Halliru ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai, yana satar kallon matarsa. Fuskarta ba ta motsa ba.

Wajen rabin hawan gwiwoyin tsohon suka ce ba su san zance ba. Ya samu inda matakalar ta ɗan yi faɗi ya zauna yana mai da numfashi, Barira ta tsaya gefensa. Halliru ya yi gaba, wai zai ɗauko hoton gari daga sama.

Abin da Malam Maitama ya fara gani rake ne. Mutumin da ya shekara hamsin a fadama ko a mafarki ya ga rake zai gane shi. Baƙin rake ne mai kauri, sanduna uku aka haɗa aka ɗaure, ba a ko sare ganyen ba, yana jan ƙasa. Mutum biyu ne suka saɓa shi a kafaɗa suna hawowa. A tsakiya an rataye wani zane ruwan ɗorawa, an ƙulle bakinsa biyu a jikin raken, cikinsa da wani abu ɗan ƙarami mai tsawo, a naɗe, ba ya motsi. Na gaba namiji ne, kai a aske, ido a ƙasa. Ta baya mace ce, siririya, ba takalmi, hawaye na bin fuskarta ba ta sharewa. Wata tsohuwa na biye da su leɓɓanta na motsi. Babu mai magana, babu mai dariya.

Barira da ta hango su sai ta juya ta fuskanci dutse ta ba su baya. Shi ya sa ba ta ga abin da ubanta ya yi ba.

Ya miƙe tsaye. Haka aka koya masa tun yana yaro, in gawa ta zo wucewa a tashi, ko ta wane ne. Ya yi salati, ya ce daga Allah muke gare shi za mu koma. Sannan ya dubi matar. Duk nauyin a kanta yake, don ita ce a ƙasa. Ƙafarta na rawa, raken ya ci mata kafaɗa. Ya duba hagu ya duba dama, ga maza nan ƙarti suna wucewa da wayoyi a hannu, ba wanda ya ce kawo in karɓa miki. Ransa ya ɓaci. A garinsu ko maƙiyinka aka ɗauko sai ka sa kafaɗa ka taka kaɗan kafin wani ya karɓe ka. Ba a taɓa barin mace da makara ba, balle uwa da gawar ɗanta.

Ya sauka taki biyu ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin raken, gaban matar, ya ɗaga. Nauyin ya bar ta ya dawo kansa. Ba wani nauyi ba ne, shi ya fi taɓa masa zuciya.

"Saki, 'yar nan," ya ce da Hausa. "Allah ya ba ki haƙuri. Saki."

Ba ta saki ba. Ta ƙanƙame raken da hannu biyu tana faɗin wani abu da yarensu. Shi kuma ya ɗauka zafin rabuwa ne, ya ci gaba da hawa, tana biye tana ja. Mijin ya ji tafiyar ta sauya, ya waiwayo ya ga baƙon tsoho baƙi da babbar riga a wurin matarsa. Ya daka tsawa. Da ya juyo raken ya karkace, zanen ya yi lilo ya kusa bugun ƙarfen matakala.

Sai wata 'yar ƙafa ta ɓullo daga cikin zanen, da abin azurfa a idon sawu, ta harba iska. Kuka ya biyo baya, irin na jaririn da aka tasa daga barci.

Saura ƙiris Malam Maitama ya saki. Allah ya sa bai saki ba. Ya tsaya ƙiƙam, bakinsa a buɗe, har tsohuwar ta zo ta ɓamɓare hannunsa daga raken ta ture shi gefe. Ta ciro jaririn ta duba shi ciki da bai. Ɓulɓul da shi, an aske masa kai, an ɗiga masa baƙin tabo a goshi.

Mutane suka taru. Halliru ya sauko da gudu yana haki, ya shiga ba mijin haƙuri da Turanci. Mijin na nuna tsohon yana tambaya.

"Me yake cewa?" in ji Malam Maitama.

"Yana tambayar dalili, Baba. Zan ce masa ka ga ta gaji ne."

"Ba shi ne dalili ba. Gaya masa gaskiya, na ɗauka gawa ce. Ta'aziyya nake yi musu."

"Baba, wannan ba ta faɗuwa."

"In ba ka faɗa ba za su ce ɓarawon yara ne ya zo daga Najeriya. Faɗa."

Halliru ya faɗa. Da ya bari an tafi a kan gajiyar da ya fi. Mijin ya ja da baya kamar an mare shi. Tsohuwar ta tambaye shi, ya juya mata da yarensu, sai ta dafe ƙirji. Ta shiga kewaya kan jaririn da hannuwa tana tofe-tofe, tana harar tsohon. Matar kuwa hawayen ɗazu daban, na yanzu daban. Ta karɓi ɗanta ta matse shi tana kuka mai sauti.

Barira ta matso. Ta iya Malayanci daidai na kasuwa da na maƙwabta, da shi ta yi wa matar magana a hankali. Ta ce mahaifinta baƙo ne, bai san al'ada ba, ba mugunta ya nufa ba. Ta ce su ne aka yi wa rasuwa, nata ɗan ne ya mutu, shi ya sa idon tsohon yake ganin mutuwa a ko'ina. Tana magana hannunta ya miƙa da kansa wajen 'yar ƙafar nan.

Matar ta ja da baya. Ta juya kafaɗa ta kare ɗanta, ta ja gefen zanenta ta rufe shi ruf.

Hannun Barira ya tsaya a iska, sannan ya koma cikin hijabi.

Tsohuwar ta yanke hukunci, mijin ya gaya wa Halliru a taƙaice. Alkawari suka ɗauka su biyu za su kai yaron sama a kafaɗarsu, ba hannun kowa. Tunda wani ya karɓa, kuma da irin wannan magana a bakinsa, sai sun koma ƙasa sun sake daga farko. Suka mai da jaririn cikin zane, suka juya. Malam Maitama ya bi tafin ƙafar matar da kallo, ya yi ja, har ya fashe a dunduniya.

Da ya waiwayo Barira ba ta wurin. Tana can sama tana hawa da sauri, ba ta ko dafa ƙarfe.

Bai san yadda gwiwoyinsa suka kai shi sama ba. Kogon ya fi duk yadda ya zata, rufinsa can sama cikin duhu, ruwa na ɗiga daga duwatsun da suka zazzago kamar haƙora. Sanyi ya buge shi, da warin kashin jemage. A gefe ana kaɗa ganga ana busa wata aba mai muryar algaita, wani mutum ba riga yana kewaya wuta gaban gumaka. Bai tsaya duba ba. A can ƙarshe akwai inda rufin ya buɗe, haske ya sauko, ana ganin sama da ganyaye. Nan ya same ta tsaye ita kaɗai.

Ya tsaya gefenta. Ya ce, "Kin san abin da suke yi?"

"Na sani. Duk wanda ya zauna a garin nan ya sani. In mace ta daɗe ba ta haihu ba sai su zo su yi alkawari. In ta samu, su kawo shi a kan rake su nuna godiya." Ta ɗaga kai ta dubi hasken. "Ta yi shekaru tana jira kamar ni. Na gani a fuskarta."

"Ɓata ne."

"Ɓata ne, Baba. Ban ce ba ɓata ba ne. Amma ta san inda nata yake."

Ɗigon ruwa ya faɗo masa a hula. Halliru ya iso ya tsaya nesa kaɗan.

"Ka sa kafaɗa ka ɗauki ɗan wasu," in ji Barira. Muryarta ba ta tashi ba. "Ba ka san su ba, ba addininku ɗaya ba, ka ga uwar tana wahala ka kasa zama. Nawa ban san wanda ya ɗauke shi ba. Ban san ko a hannu aka kai shi ko a mota ba. Sau ɗaya na gan shi, ta bayan gilashi, da roba a hanci. Da sunanka aka yi masa huɗuba, ko an gaya maka?"

Ba a gaya masa ba. Ya dubi Halliru, Halliru ya sunkuyar da kai.

"Gobe in na hau jirgin nan ba zan dawo ba, Baba. Wa zai ba ni biza in zo duba kabari? Uwata ta binne uku, gaskiya ne. Amma kullum in za ta rijiya tana hango katangar maƙabartar. Ni teku za a sa tsakanina da shi."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jera masa magana haka ba. A wata ranar da ya ce mata ta kama bakinta. Ya taɓa kafaɗarsa inda raken ya zauna, har yanzu akwai ɗanshin ganye a rigar.

"Malam Halliru, kira mai mota."

"Gida za mu, Baba?"

"Maƙabarta."

Halliru ya matso da sauri. "Baba, ai kai ka ce mace ba ta..."

"Ni na ce, ni na janye. Zunubin a wuyana. Za ta tsaya ta yi addu'a, ba kuka ba kururuwa, mu juyo."

"Hadari na haɗuwa, ga kaya ba a ɗaure ba. Kuma yau Lahadi, wataƙila a rufe take."

"Dakta," in ji tsohon, karo na farko da ya kira shi da wannan suna, "digirin naka har da na rufe maƙabarta?"

Suna saukowa suka yi kiciɓis da masu raken suna hawowa karo na biyu. Malam Maitama ya raɓe jikin ƙarfe ya kau da kai har suka wuce.

Maƙabartar a buɗe take. Tana gefen wata unguwa a kan tudu, itatuwa masu fararen furanni sun yi mata inuwa. Ba irin ta gida ba ce. Kowane kabari da duwatsu biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, da suna a rubuce, wasu an ɗaura musu farin ƙyalle. Ga mata nan kuwa, wata da 'ya'yanta suna zuba ruwa daga buta suna yayyafa fure. Tsohon ya gan su. Ya yi wa mamata sallama suka shiga.

Halliru ne a gaba. Da farko tafiya yake kamar mai zuwa ɗakinsa. Da suka gangara ɓangaren yara, inda kaburburan ba su fi tsawon hannu ba, sai tafiyar ta ragu. Ya yi dama, ya dawo. Ya dubi katanga. Mafi yawa da duwatsunsu da sunayensu, amma a layin ƙarshe akwai waɗansu birjik da ba komai a kansu, 'yan tudun ƙasa kawai, ciyawa ta haɗe wasu da wasu har ba a gane inda ɗaya ya ƙare.

Ya nuna ɗaya. "Ga shi nan."

Barira ta durƙusa. Ta kai hannu, sai ta tsaya. Ta ɗebi ƙasar ta murza. Ja ce, sabuwa, ko tsiro babu.

"Wannan ba ta sha ruwan wata biyu ba," ta ce. "Nawa ya shekara."

"To na gefensa ne. Na ruɗe."

Ta ɗago ta dube shi. Malam Maitama ma shi yake duba. Halliru ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya tsuguna.

Maganar ta fito guntu-guntu. Ranar da aka binne yaron mutanen masallaci sun tambaye shi sunan da za a rubuta a dutse. Ya ce musu a'a, su a gida ba sa gina kabari ba sa rubutu, yaron ma ba a raɗa masa suna ba. Sun yi ta ce masa a nan ba a barin kabari haka, bai ji ba. Ya karyo reshe ya kafa a wajen kai yadda ake yi a garinsu, ya lura da wata bishiya da ke kusa. A gida reshe yakan shekara a tsaye. A nan kullum ruwa. Da ya dawo bayan wata uku ba reshe, an sare bishiyar an ƙara layi biyu. Ya zo shi kaɗai ya fi a ƙirga yana zagaye. Wanda ya haƙa ramin ɗan ƙwadago ne, ya koma ƙasarsu. Liman ya ce wajen nan ne dai, tsakanin nan da can.

"Na san Baba ba zai yarda ki zo ba," ya ce. "Shi ya sa na ce a jira shi."

Malam Maitama ya buɗe baki. Yana da maganar da zai faɗa, mai zafi, wadda za ta bi Halliru har tsufansa. Sai ya tuna da a ce shi ne a wurin ranar, da reshen nan zai kafa, da kuma ya yi wa masu cewa a sa dutse wa'azi. Ya rufe bakinsa.

Barira ba ta yi kuka ba, ba ta yi kururuwa ba. Ta cire takalmanta ta ajiye a kan hanya. Ta je farkon layin, ta durƙusa gaban tudun farko, ta ɗora tafin hannunta a kai, leɓɓanta na motsi. Ta tashi ta matsa na biyu. Ba ta daɗe a wani fiye da wani ba. Inda ciyawa ta rufe sai ta buɗa da yatsu ta nemo ƙasar.

Yayyafi ya fara tana tsakiyar layi. Matan Malayu suka kwashi butocinsu suka nufi ƙofa. Mai mota ya yi hon daga waje, ya sake yi. Halliru ya miƙe zai je wajenta, tsohon ya riƙe masa hannun riga.

Sai da ta kai ƙarshe, har da sabon nan mai jar ƙasa. Ta dawo hijabinta ya jiƙe ya manne mata, gwiwoyinta duk laka. Ta sa takalmanta.

"Kin same shi?" in ji ubanta. Bai san abin da ya sa ya tambaya ba.

"A'a, Baba."

Ta wuce ta gaban mijinta ba ta dube shi ba.

"A zo a kai ni in ɗaure kaya," ta ce.